Tsofaffin kuɗin azurfa na Hajiyarmu, a narka ko a tsaya a duba?

Ɗan Ƙofar Guga: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san kan tsofaffin kuɗi. Kakarmu ta wajen uba Allah ya yi mata rasuwa wata biyu da suka wuce, to da aka zo fito da kayan ɗakinta saboda rabon gado sai aka ci karo da wani ƙunshi can ƙasan adaka, an ɗaure shi tamau cikin tsumma, ana kwancewa sai ga kuɗin azurfa guda 34. Tara manya ne masu hoton wata mata mai jiki da mayafi a kai, bayansu tsuntsu mai kai biyu, kuma dukkansu 1780 aka rubuta. Sha ɗaya masu bishiya ne, shida masu rubutun larabci, biyar ƙanana masu kan sarauniya, sai uku masu mutum uku a tsaye. Yanzu magana ta rabu a gida, yayanmu ya ce tunda 1780 ne sun haura shekara 240 don haka miliyoyi ne kar wanda ya taɓa, Baffa kuma ya ce akwai wanda ya ce zai saye duka a kan awo ya narka, a karɓa a raba kowa ya huta. Goggo kuwa tun kafin mu ankara ta ɗauki uku cikin manyan ta dirje su da toka da lemun tsami wai su yi haske. Babanmu ne ya ce in tambayi masu sani kafin a yanke. Ga hotuna nan na ɗora.

Uwar Biyu Daura: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya ya sa ta huta, ya ba ku haƙuri. Ƙanena abu na farko dan girman Allah ka karɓe sauran daga hannun Goggo kafin ta ƙarasa su, sauran bayani masu shi na nan tafe.

Ɗan Ƙofar Guga: Amin Anti na gode. Na karɓe, suna wajen Babanmu yanzu.

Baba Mai Agogo: Allah shi gafarta mata. Ɗana na duba hotunan naka duk da dai wasu sun yi duhu. Manyan nan tara su ne liyari, kuɗin sarauniyar Ostiriya Mariya Taresa. Ka faɗa ma yayanka shi kwantar da hankali, 1780 ɗin nan shekarar da ta rasu ce, daga nan aka daskarar da shekarar aka ci gaba da buga kuɗin haka nan saboda Larabawa da Habashawa da mu nan ƙasar Hausa da Barno ba mu yarda da wani samfuri ba sai shi, in aka canja ko ɗigo mutane sai su ƙi karɓa. Har yau ɗin nan da nake maka rubutu gidan bugin kuɗi na Biyana, babban birnin Ostiriya, yana buga shi, kuma 1780 ɗin dai ake sa mishi. Saboda haka wanda aka buga 1785 da wanda aka buga 1940 da wanda aka buga bara duk shekara ɗaya ce a jikinsu. Abin da ke raba su shi ne hatimin da aka buga su da shi, kuma wannan sai an sa ido da gilashi.

Ɗan Ƙofar Guga: Ikon Allah. Baba wane irin hatimi kuma? Ni na ɗauka zuba su ake yi kamar yadda ake zuba tukunyar dalma.

Baba Mai Agogo: A'a ba zubi ba ne, bugi ne. Ƙarfe ne guda biyu masu tauri, na sama da na ƙasa, an sassaƙa hoton da rubutun a jikinsu a juye, sai a sa ƙwayar azurfa a tsakiya a danna da ƙarfin gaske, hoton ya fito. Su nake ce ma hatimi. To hatimi yana gajiya, yana tsagewa, a yar a sassaƙa wani, kuma kowane gidan bugi da hannun masassaƙinsa, shi ya sa duk yadda aka so su yi kama sai ka samu ɗan bambanci. Liyari an buga shi a Biyana, an buga a Milan da Banis, a 1935 Ostiriya ta ba Italiya izini aka riƙa bugawa a Roma lokacin da suka shiga Habasha, daga nan Ingilishi su ma suka fara nasu a Landan 1936, aka yi a Faris, aka yi a Burasal, aka yi a Bamingam, lokacin yaƙin duniya na biyu har Bambai ta Indiya an buga. Ka samu gilashin nan da muke sawa a ido wajen gyaran agogo, mai ƙara girma sau 10 ya isa, ka duba mini wurare huɗu a kowanne. Wutsiyar tsuntsun, can ƙasa akwai gashi ɗaya a dama ɗaya a hagu, ka ƙirga na tsakiyarsu, bugun Biyana da Roma uku ne, bugun Landan biyu ne. Sai maɓallin da ke kafaɗar matar, ka ga ko an kewaye shi da 'yan duwatsu ko kuwa sumul yake. Sai rubutun bayan, kafin shekarar akwai inda aka sa AVST ko AUST, ka lura harafi na biyu V ne ko U, na zamani duk V ne, galibin na farko-farko su ke da U da maɓalli marar duwatsu. Sai kuma baki, wato gefen kuɗin, akwai rubutu da ya taso IUSTITIA ET CLEMENTIA, ma'ana adalci da rangwame, ka ga ya fito tsaf ko a cakuɗe yake.

Ticha Rafindadi: Allah ya ƙara girma Baba. In ɗan ƙara ta ɓangaren tarihi, Barth baturen Jamus da ya ratsa nan Katsina ya wuce Kano a 1851 ya rubuta cewa wuri 2,500 ake canja liyari ɗaya a Kano. Ku duba fa, jakar wuri 20,000 ce, wato liyari takwas kacal sun tashi jaka guda, shi ya sa fatake masu ratsa sahara suka so shi, ga sauƙin ɗauka ga shi maƙera na so. Su S.F. ɗin nan da za ka gani ƙarƙashin hoton kuma harufan farko ne na sunayen jami'ai biyu na gidan bugin Günzburg da ke Jamus ta yau, Schöbl da Faby, amma su ma an yi ta kwafarsu a bugun baya, don haka ganinsu ba ya nufin can aka buga.

Maƙerin Fari: Slm. Allah ya jiƙan Hajiya. Ni gaskiya zan faɗa ko da ba za ta yi daɗi ba, duk wannan ƙirgar gashin wutsiya a nan garin wa zai biya ka kuɗinta? Shekarata sama da talatin ina wannan sana'a, gadonta na yi, liyari ya sha biyowa ta hannuna kuma ban taɓa ganin wanda ya ƙara ko naira ɗaya don gashi uku ne ko biyu ba. Azurfa azurfa ce. Liyari cikakke giram 28 ne da ɗan ɗigo, azurfar ciki kashi 833 cikin 1000, wato wajen giram 23.4, ka duba farashin ranar ka lissafa shi ke nan. Magada na jira, kar a ja su da dogon turanci.

Bakatsinen Bamingam: Malam maƙeri ina girmama sana'arka kuma rabin maganarka gaskiya ce, liyari na zamani wanda aka buga da yawa ko a nan Ingila kuɗin azurfarsa ne da ɗan abin da ba a rasa ba a kai. Amma ai ba a san wanne ne wanne ba sai an duba, kuma dubawar nan ba ta cin awa ɗaya. Ina zuwa kasuwar masu tara tsofaffin kuɗi a nan, da idona na ga tebur ɗaya liyari biyu gefe da gefe duk 1780, ɗaya a cikin kwano da sauran tarkace ɗaya kuma an keɓe shi cikin 'yar takarda da lambarsa, farashin ba su haɗa hanya ba. Akwai littafin wani Walter Hafner da ya bi samfuran nan ya ba kowanne lamba, da lambar ake ciniki. In ka narka ka gama, ba a dawo da hatimi daga wuta. Kuma yau ai mai saye ba sai yana Katsina ba, waya na hannun kowa.

Maƙerin Fari: Waya na hannun kowa amma 'yan damfara ma suna cikinta. Ka tura kaya waje ka zauna jiran tsammani, ni dai hannu da hannu na sani.

Bakatsinen Bamingam: Wannan kam ban musa maka ba, ban ce ya tura ma kowa komai ba. Cewa na yi ya san abin da ke hannunsa tukuna.

Sabon Shiga: Jama'a ni kuma ji na yi irin waɗannan kuɗin akwai masu jan reza ko allura, wai akwai wani sinadari a ciki da turawa ke nema, an ce guda ɗaya sai ya sayi gida. Ka gwada kusantar da reza ka gani ɗan uwa.

Baba Mai Agogo: Ɗana ka bar wannan magana, babu ita. Irin ta ce aka yi ta yi kan dutsen guga na gawayi da tsohon keken ɗinki da anini mai huji, mutane suka yi ta asarar kuɗin mota da kuɗin wai gwaji. Azurfa ba ta jan komai kuma maganaɗisu ba ya kama ta, in ka ga kuɗi ya manne ma maganaɗisu to ƙarfe ne aka yi ma fenti. Amma kuma kar a ce duk wanda bai manne ba azurfa ne, tagulla da dalma su ma ba sa mannewa.

Maƙerin Fari: Nan kam ni da Baba bakinmu ɗaya. Kuma tunda an zo maganar jabu bari in ba ka abin da na sani. Ka je wajen masu sai da gwal ka roƙi sikelinsu mai nuna ɗigo biyu, ka auna kowanne. Wanda ya sha hannu zai iya sauka 27 da wani abu, amma in ka ga 25 ko 24 kuma hoton bai goge ba to akwai magana. Sannan ka ɗora kofin ruwa a kan sikelin ka mayar da shi sifili, ka ɗaura kuɗin da zare ka zura shi cikin ruwan ya nutse amma kar ya taɓa ƙasa ko gefe, ka karanta abin da sikeli ya nuna. Liyari na gaske zai ba ka wajen 2.75, in ka raba nauyinsa da wannan sai ka samu 10.2 ko kusa, tagulla kuwa 8 da rabi za ta ba ka. Sai kunne, ka ɗora shi a kan yatsa ka ɗan ƙwanƙwasa da wani, na gaske yana amo mai tsawo siriri, na zubi ƙwal ɗaya ya mutu. Na zubi kuma fuskarsa kamar yashi-yashi take da 'yan ramuka, a gefe za ka ga layin inda ɓari biyu suka haɗu. Kar ka yarda wani ya ce zai karce da fayil ko ya ɗiga ruwan batir don gwaji, ko ni da ke narkawa ba na so a ɓata ma mutum kaya kafin a yi ciniki.

Uwar Biyu Daura: Allah ya saka Malam. Ni abin da ya sa na yi saurin magana ɗazu, irin haka ta faru da mu. Da Innarmu ta rasu an samu nata wajen ashirin, wasu ma an yi musu kunne an jera a sarƙa irin ta amaren da, wani mutum ya zo har gida ya ce duk jabu ne sai guda huɗu, ya auna da nasa sikelin ya ba mu abin da ya ga dama, muna cikin zafin rasuwa ba wanda ya ce a kai wani wuri a sake aunawa. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya sosu, ba ma don kuɗin ba, ko guda ɗaya ba mu bar ma yara su ga abin da kakarsu ta yi ado da shi ba. Ku auna a wuri biyu, kuma da ɗan gida a tsaye.

Ɗan Ƙofar Guga: Allah ya jiƙan Inna Anti, in sha Allah za mu kiyaye. Baba to su ukun da Goggo ta wanke fa? Ni a idona sun fi sauran kyau wlh, fari tas.

Baba Mai Agogo: A idonka ne ɗana. Ka kai su ƙarƙashin tocila ɗaya cikin ɗaki mai duhu ka riƙa karkata su a hankali, za ka ga ƙananan layuka birjik duk sun bi hanya ɗaya, toka ce ta yi su, kuma ba sa gyaruwa har abada. Shi kuɗin da ya fito daga hatimi yana da wani ƙyalli nashi na kanshi, in ka juya shi sai hasken ya riƙa zagayawa kamar sifokin keke, wannan ƙyallin a fatar sama yake, siririya ce ƙwarai, dirza ɗaya ta tafi. Baƙin nan da shekaru suka sa mishi kuwa masu tarawa so suke, shi ne shaidar ba a taɓa shi ba. Kar ku ga laifin Goggo, niyyar gyara ta yi, haka muka taso muna ganin ana wanke mundaye. Sauran dai a bar su yadda suke, a riƙa kama su ta gefe, kowanne a nannaɗe shi cikin farar takarda shi kaɗai, ban da leda mai laushin nan don tana sa su kore.

Bakatsinen Bamingam: Tunda Baba ya taɓo nan bari in yi bayanin matakan daraja yadda ake yi, don in mai saye ya rubuto maka harufa kar ka rikice. A nan Ingila harufa ake sawa. F shi ne wanda ya sha hannu sosai amma ana karanta komai, manyan siffofi na nan ƙananan sun tafi. VF ya yi yawo amma yawancin zanen gashi da duwatsun na nan, tudun ne kawai ya lafa. EF sai ka sa gilashi za ka ga gogewa a can ƙololuwa, kuma da sauran ƙyalli a lungunan harufa. UNC bai shiga kasuwa ba sam. Amurkawa kuma lamba suke sawa daga 1 zuwa 70, tsarin wani Sheldon ne na 1949, daga 60 zuwa sama shi ne wanda bai yi yawo ba, akwai kamfanoni irin PCGS da NGC da ke dubawa su rufe kuɗin cikin roba da lambarsa. Amma wanda aka wanke, ko aka huda, ko aka yi ma kunne aka cire, ba sa ba shi lamba, sai su rubuta matakin zanen su kuma rubuta aibin. A liyari inda ake fara dubawa gashin goshi da na saman kunne, duwatsun kambin kai, maɓallin kafaɗa, a baya kuma tsakiyar garkuwar ƙirjin tsuntsu. A hotonka na uku ni VF na gani.

Baba Mai Agogo: Na uku ban yarda VF ba ne Alhaji, ya fi haka. Ka sake dubawa, gashin ya lafa gaskiya amma launin wurin ɗaya ne da na kewayensa kuma filin gaban fuskar babu ƙwarzane. Wannan hatimi ne bai danna sosai ba ko kuma ya tsufa, ba hannu ya cinye shi ba. Inda hannu ya ci za ka ga wurin ya yi toka-toka ya bambanta da gefensa.

Bakatsinen Bamingam: Mai yiwuwa Baba, amma hoton da fulasha aka ɗauka, fulasha na ɓoye bambancin launi. Ni ina nan kan VF har sai na ga na hasken rana.

Baba Mai Agogo: To gani ya kori ji, shi kawo mini shi shago in sa mishi ido. Kuma wannan aunawa da turawa suka sa ma harufa ba baƙuwa ba ce, 'yan kasuwar Yaman da Habasha tun da can duwatsun maɓallin nan suke shafawa da babban yatsa, in sun shafe su rage ma kuɗin daraja ko su ƙi shi.

Ticha Rafindadi: An bar masu bishiyar a baya. Waɗannan su ne sule da dala, wato sule biyu, na zamanin turawa, na hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da aka kafa 1912, aka fara fito da na azurfa 1913 da hoton Sarki Joji na biyar, ana kashe su a Nijeriya da Gwalkwas wato Gana ta yau da Saliyo da Gambiya. Bishiyar kwakwar manja ce. Daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau kashi 925 cikin 1000, a 1920 azurfa ta yi tsada bayan yaƙin duniya na farko aka rage ta zuwa rabi, a shekarar dai aka koma tagulla mai ruwan ɗorawa. Don haka ka ware su ta shekara. Sule giram 5.66 ne, dala 11.31. Ka duba ƙarƙashin bishiyar da gilashi, in ka ga ɗan H bugun kamfanin Heaton ne na Bamingam, KN na King's Norton ne, in babu komai bugun Landan ne.

Ɗan Jibiya: Masu mutum uku a tsaye kuma na Faransa ne, faran biyar, giram 25, azurfa kashi 900. Ta Maraɗi da Damagaram suke shigowa, shi ya sa ake samunsu a gidajen Katsina da Daura fiye da can kudu. Shi ne fa asalin dalar Nijar, har gobe in ka tsallaka aka ce maka dala to sefa biyar ake nufi, dala ashirin sefa ɗari. Ka duba ƙasa wajen rubutun akwai harafi ɗaya mai nuna garin da aka buga shi, A Faris ne K kuma Bodo. Masu larabcin riyal ɗin Saudiyya ne na Sarki Abdul'aziz, tsarabar alhazan da, za ka ga takubba biyu da dabino, giram 11.66.

Baba Mai Agogo: Haka ne, kuma riyal ma akwai irin wancan batu, mai shekarar Hijira 1354 an daɗe ana buga shi da wannan shekarar, har a Amurka an buga musu lokacin yaƙin duniya na biyu. Amma ni ƙananan nan biyar masu kan Sarauniya Biktoriya su suka fi ja mini hankali. Sulallan Ingila ne, kafin 1913 su ake kashewa a bakin teku suna hauro mana. Daga 1864 zuwa 1879 gidan bugin Landan ya riƙa sa ma kowane hatimi lambarshi, 'yar mitsitsiya a saman shekarar, to ka ga nan ba sai ka yi ta ƙirga gashi ba, hatimin da kanshi ya faɗi sunanshi. Akwai masu bin lambobin nan ɗaya bayan ɗaya suna tarawa. Ka duba naka. In kuma akwai mai 1889 wanda ta sa ɗan ƙaramin kambi, ka faɗa mini girman kan, don a shekarar an yi mai ƙaramin kai an yi mai babba, mai ƙaramin shi ne ke wuyar samu.

Ɗan Ƙofar Guga: Baba akwai ɗaya cikin sulallan da na ga wani layi ya ratsa daga harafi zuwa baki, wannan karcewa ce ko me? Akwai kuma wanda harufansa suka yi kamar biyu-biyu.

Baba Mai Agogo: Ka sa gilashi ka haska daga gefe. In layin ya taso kamar jijiyar bayan hannu to hatimin ne ya tsage, azurfa ta shiga tsagar, duk kuɗin da aka buga da wannan hatimin bayan nan yana ɗauke da layin, har ma da shi ake gane 'yan hatimi ɗaya, wannan ba aibi ba ne. In kuwa ya nutsa ciki kuma gefenshi ya yi kaifi to karcewa ce, aibi ne. Na harufa biyu-biyu shi ma iri biyu ne, in tun a jikin hatimin aka yi ninkin za ka ga dukkan biyun sun yi tudu kuma ƙarshen harafin ya rabu kamar baki biyu, wannan ana nema. In kuwa na biyun a baje yake kamar matakala kuma ya rage ma harafin kauri, inji ne ya yi rawa lokacin bugi, ba ya ƙara komai.

Malam Ƙarami: Allah ya gafarta ma mamaciya. Tunatarwa ɗaya, duk wanda za a sayar ma wa, cinikin azurfa da kuɗi hannu da hannu ake yi a majalisi ɗaya, ban da a ɗauka sai wani sati a kawo kuɗin. Kuma tunda dukiyar magada ce kar a keɓe ko ɗaya sai da yardarsu duka, wanda ke son ya riƙe don tunawa a yi mishi ƙima a cire a kasonsa.

Ɗan Ƙofar Guga: Slm jama'a ku yi haƙuri kwana biyu shiru, sai jiya na samu sikeli da gilashi, ni da Baffa muka je tare. Ga abin da ya fito. Cikin liyari tara, ɗaya 24.9 ya auna, a ruwa kuma lissafin ya ba da 8 da wani abu, gefensa da layin nan da Malam maƙeri ya faɗa, amonsa ma a mace, to wannan jabu ne. Biyar gashi uku ne da AVST da maɓalli mai duwatsu, duk tsakanin 27.9 da 28.1. Biyu gashi biyu ne. Na ƙarshen shi ne ya bambanta, AUST ne da U ƙarara, maɓallin sumul babu duwatsu, nauyi 27.6, amma wallahi yana cikin ukun da Goggo ta dirje, da na haska na ga layukan sai da jikina ya yi sanyi. Sulallan sarauniya biyu suna da 'yar lambar, ɗaya 1872 lamba 38, ɗayan shekarar ta goge sai lambar kawai nake iya gani, babu mai 1889. Layin kuma tasowa ya yi Baba. Masu bishiya takwas na kafin 1920 ne, uku da H, sauran ukun tagulla ne ashe datti ya rufe launin.

Maƙerin Fari: To alhamdulillahi, ka ga da an saye a dunƙule da an fake da jabun nan an karya muku farashin duka. Na zamanin ni har yanzu ina kan bakana, awo ne kuɗinsu. Mai U ɗin dai na sallama, ko an kawo mini ba zan sa shi wuta ba.

Bakatsinen Bamingam: Mai U ɗin ko da wankin ya rage shi bai kashe shi ba, tsohon bugu tsohon bugu ne, sai dai in za a sayar a faɗi gaskiya an wanke. Amma kar a yi saurin cewa na wane gari ne ko wace shekara, ina son hoton X ɗin da ke bayan 1780, da S.F. ɗin da ɗigoginsa, da gefen duka zagaye, a hasken rana ban da fulasha, in gwada da na littafin.

Ɗan Ƙofar Guga: To Yaya zan ɗauka gobe da hantsi. Babanmu da Baffa da Goggo sun zauna jiya da dare, sun amince a keɓe mai U da sulen 1872 da na ukun nan da ake gardama a kai har a gama dubawa, Goggo ta ce ita riyal biyu take so a kasonta saboda Hajiya da kanta ta zo da su, sauran za a kai wuri biyu a auna kamar yadda Anti ta ce.

Baba Mai Agogo: Madalla. Ka zo mini da ukun ranar Asabar bayan la'asar kafin rana ta yi ƙasa, ka haɗo da jabun ma ina son in nuna ma yaran shago gefenshi. Kowanne cikin takardarshi, kar ka zuba su aljihu ɗaya su riƙa gugar juna a kan mashin.